Likita Snow Da Annobar Kwalara A Birnin Landan

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1854 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka rasu a 'yan tituna kaɗan. Manyan likitocin zamanin sun riga sun yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iska mai tashi daga ƙazanta ita ke kawo cutar. Ba don jahilci suka faɗi haka ba, domin kuwa sau da yawa inda wari ya yi yawa nan mutuwa take yin yawa.

Likita John Snow bai yarda ba. Tun 1849 ya rubuta cewa ta baki cutar take shiga, tunda hanji take kamawa, ba huhu ba. Amma zato dabam, hujja dabam. Sai ya karɓo jerin mamatan daga ofishin rajista, ya bi gida gida yana tambayar inda suke ɗebo ruwa. Ashe mafi yawansu daga famfon rijiyar Titin Broad ne. Ran 7 ga Satumba ya kai maganar gaban hukumar unguwar, washegari aka cire hannun famfon.

Nan galibin masu ba da labarin suke tsayawa, alhali kuwa shi kansa Snow ya amsa cewa annobar ta soma lafawa tun kafin a taɓa famfon. Nauyin aikinsa yana wajen waɗanda lissafin ya ƙi hawa kansu. Me ya sa gidan gajiyayyu na Titin Poland, mai mutum 535, wanda mutuwa ta kewaye shi, ya rasa biyar kacal? Rijiyarsu gare su. Wata tsohuwa kuma ta mutu can Hampstead, nesa da Soho. Da aka bincika, sai aka tarar kullum ana kai mata ruwan famfon nan a kwalba, saboda ɗanɗanonsa take so.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga kudancin birnin ta fito. Can kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a tituna ɗaya, ga mawadata da matalauta, masu shaƙar iska ɗaya. Kamfanin Lambeth ya mai da wurin jan ruwansa sama da gari a 1852. Na Southwark da Vauxhall kuwa ya ci gaba da ja daga inda najasar birnin ke kwarara cikin Kogin Thames. 'Yan haya da yawa ba su san ruwan wa suke sha ba, sai Snow ya riƙa auna gishirin ruwan don ya gane mai shi. Sa'an nan bai tsaya ga yawan mamata ba, ya gwada shi da yawan gidaje. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 na kamfanin Southwark mutum 315 suka mutu, na Lambeth kuwa 37.

Duk da haka hukumar lafiya ta ƙi karɓa, aka kuma mai da hannun famfon. Snow ya rasu a 1858. Sai a annobar 1866 William Farr, babban mai ƙididdiga na ofishin rajista, wanda a da yake ɓangaren masu cewa iska ce, ya bi wannan hanya ya ɗora laifin a kan ruwan wani kamfani na gabashin Landan.