Norwe Ta Cika Da Motocin Lantarki, Amma Ina Masana'antarta Ta Tafi?

Yau za mu leƙa Norwe, wata ƙasa a can arewacin Turai mai mutane wajen miliyan biyar da rabi. Ƙasar mai ce kamar tamu, tun 1969 aka gano mai a tekunta, kuma ita ce ta fi kowa arzikin mai da gas a yammacin Turai. Amma a shekarar 2024, cikin sababbin motoci goma da aka saya a ƙasar, kusan tara na lantarki ne. Mai sayar da fetur ya daina shan fetur ke nan. To yaya aka yi? Ku gyara zama.

Labarin ya faro ne da taurin kai. A 1989, Morten Harket, mawaƙin ƙungiyar a-ha da ta yi tashe a duniya a lokacin, da Frederic Hauge, shugaban ƙungiyar kare muhalli ta Bellona, sun je Suwizalan suka ga wata 'yar ƙaramar Fiat Panda da aka cire wa inji aka sa mata batir. Cajinta ɗaya kusan kilomita 45 yake kai ta. Suka shigo da irinta Norwe. Da aka buɗe shingayen karɓar kuɗin hanya a kewayen Oslo, sai suka riƙa wucewa ba sa biya, suna ajiye motar inda suka ga dama, tara kuma ta zo su ƙi biya. Hujjarsu ita ce motar da ba ta fitar da hayaƙi bai kamata a caje ta daidai da mai fitarwa ba. Hukuma ta ƙwace motar ta yi gwanjonta, magoya bayansu suka saye ta suka mayar musu. Aka sake ƙwacewa, aka sake sayowa. Kowane zagaye kuma 'yan jarida na nan da kyamara, tunda akwai tauraro a ciki.

Sannu a hankali gwamnati ta fara sassautawa. A 1990 aka ɗauke wa motar lantarki harajin shigowa da na rajista. A 1997 aka ce ta wuce shingen hanya kyauta. A 1999 aka ba ta ajiye mota kyauta a filayen ƙananan hukumomi. A 2001 aka ɗauke mata harajin VAT, wanda yau kashi 25 cikin ɗari ne a can. A 2005 aka ba ta damar bin layin bas a duk ƙasar, wato kai kana cikin cunkoso, ita tana wucewa ta gefenka. A 2009 jiragen fito ma suka koma kyauta gare ta, kuma a ƙasar da teku ya ratsa ta ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku lura da wani abu a nan, domin shi ne sirrin. Norwe ba ta riƙa ƙirga kuɗi tana miƙa wa mai sayen mota ba. Dama can mota tana da tsada ƙwarai a ƙasar saboda haraji, ana caji bisa nauyinta da yawan hayaƙinta, fetur ma akwai haraji mai nauyi a kansa. Abin da gwamnati ta yi kawai shi ne ta bar wa mai fetur kayansa a ka, ta sauke wa mai batir. Da haka motar lantarki ta dawo daidai da ta fetur a farashi, wani lokaci ma ta fi ta araha. Ga wuta kuma wadatacciya, kusan kashi 90 cikin ɗari daga madatsun ruwa take fitowa.

To amma ga inda labarin ya karkace. Wani babban dalilin waɗannan rangwame shi ne Norwe tana son ta gina tata masana'antar mota. Akwai wani kamfani na gida mai suna Pivco, wanda daga baya ya koma Think, yana ƙera 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da jikin roba. Ya durƙushe a 1998, sai Ford na Amurka ya saye shi a 1999, saboda a lokacin jihar Kalifoniya tana matsa wa kamfanoni lamba su sayar da motocin da ba sa hayaƙi. An ƙera motoci kusan dubu ɗaya a masana'antar Aurskog. Da Kalifoniya ta sassauta dokarta, Ford ya ga babu sauran dalili, ya sayar da kamfanin a 2003. Think ya yi ta faɗi tashi, aka mayar da aikin ƙira Finlan a 2009, a 2011 kuma ya mutu murus.

Abin takaicin, a shekarar da Think ya mutu ne kasuwar ta buɗe da gaske. A 2011 Nissan Leaf ta iso daga Japan, mota sosai mai kujera biyar da iyali za su iya shiga. A 2013 Tesla Model S ta shigo, kuma a watan Satumba na shekarar ta fi kowace mota ciniki a ƙasar. Gwamnati ta tsara rangwamen ya ci gaba har a kai motoci 50,000, aka kai adadin tun a Afrilun 2015. A 2020 motocin lantarki suka haura rabin sababbin motocin da aka saya. A 2024 yawansu a kan titi ya zarce na masu fetur, kodayake masu dizal sun fi su yawa a lokacin. Amma duk motocin nan na waje ne: Tesla, Volkswagen, Nissan, Volvo, sai na Chaina da suka biyo baya. Norwe ta share fage, wasu suka zo suka ci kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don mu gane inda bambancin yake, mu ɗan tsallaka Chaina, wadda ta bi wata hanya dabam. A 2007 ta naɗa Wan Gang, injiniyan da ya daɗe yana aiki da Audi a Jamus, ministan kimiyya da fasaha. Lissafinsu mai sauƙi ne: a injin fetur ba za su taɓa kamo Jamus da Japan ba, amma a batir kowa ɗan koyo ne. A 2009 suka fara shirin sa motocin lantarki a manyan birane, suka fara da bas da tasi da motocin hukuma, wato gwamnati da kanta ta zama mai saye na farko. A 2014 aka ɗauke harajin saye. A biranen irin su Shanghai, inda lambar mota kaɗai ke cin maƙudan kuɗi a gwanjo, mai motar lantarki yana samun tasa kyauta. Sannan daga 2015 zuwa 2019 aka fitar da jerin kamfanonin batir da aka amince da su, duk na gida, kuma motar da ba ta ɗauke da batirinsu ba ta cin tallafi. A wannan inuwar CATL da BYD suka girma, yau su biyun ne kan gaba a batirin mota a duniya.

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. A 2016 aka bankaɗo kamfanonin bas da suka karɓi tallafi kan motocin da ba su kammala ba ko ba su sayar ba, aka hukunta su. Kamfanoni da yawa sun ɓullo don cin tallafi kawai, suka mutu. Amma da aka janye tallafin saye a ƙarshen 2022, masana'antar ta riga ta tsaya da ƙafarta, har ta kai Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba wa motocin Chaina ƙarin haraji a 2024.

Ita ma Norwe ta biya farashi. Baitulmali ya yi asarar haraji mai yawa. Masu suka sun ce masu hali ne suka fi cin moriyar, tunda su ke sayen sabuwar mota mai tsada, wasu ma ta biyu. Layin bas ya cushe, har bas ɗin kanta ta fara makara. Shi ya sa aka fara janye gatan da kaɗan-kaɗan: kuɗin hanya da na ajiye mota suka dawo, kuma a 2023 aka fara karɓar VAT kan duk abin da ya haura kurona 500,000 a farashin mota. Amma ku duba, sama da shekara talatin gwamnatoci suna sauyawa, na dama su sauka na hagu su hau, babu wadda ta zo ta rushe tsarin dare ɗaya. Mai saye ya san abin da zai tarar gobe.

To me ya shafe mu? Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, zancen motar lantarki da ta gas ya shigo bakin gwamnati, har an sanar da ɗauke wa motocin lantarki VAT a 2024. Duk lokacin da kuka ji irin wannan sanarwa, ku tambayi abin da ake son cimma. In masu saye ake nema, tarihin Norwe ya nuna rangwame yana aiki, amma sai da tsayayyiyar wuta da manufar da ba ta sauyawa da sauyin mulki. In kuma masana'anta da ayyukan yi ake nema, rangwamen shigo da kaya shi kaɗai ba ya kawo su, sai dai ya cika wa masana'antar wasu aljihu. Norwe mai kuɗi ce, ta iya ɗaukar wannan. Mu da matasanmu ke neman aiki, lissafinmu dabam ne.

Ku faɗa mana ra'ayinku: da ku ne masu yanke shawara, da me za ku fara, motocin masu hali, ko bas da keke napep da talaka ke hawa kullum?