Jita Huɗu Masu Kama Ɗaya

A shekarar 1950 wani mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya ƙera jita mai lantarki a garin Fullerton na Amurka, ya sa mata suna Esquire. Kunne ɗaya gare ta, watau maganaɗisun da ke ɗaukar amon tsirkiya. Kafin shekara ta ƙare ya fito da mai kunne biyu, ya kira ta Broadcaster.

Ashe kamfanin Gretsch yana da ganguna masu suna Broadkaster. Cikin Fabrairu 1951 suka bugo waya, suka ce ba su yarda ba. Maimakon a zubar da takardun sunan da ake mannawa a kan jitar, sai aka sa almakashi aka yanke Broadcaster, aka bar Fender kaɗai. Waɗannan ne daga baya aka laƙaba wa Nocaster. A wannan shekara kuma aka raɗa sunan Telecaster.

To, jikinsu iri ɗaya ne, amma kama da wane ba wane ba ne, gama tsofaffin suna da tsada ƙwarai. Mai saye ya ƙidaya kunnuwa, ya karanta suna, sa'an nan ya kwance wuya ya dubi kwanan watan da aka rubuta da fensir a gindinsa. Takardar suna kowa yana iya mannawa.