Motel: Tarihin Masaukin Matafiya Mai Araha a Amurka

Motel shi ne masaukin da ake ginawa a bakin babbar hanya domin matafiyin da ke tuƙa motarsa, inda ɗakuna suke a jere, kowanne ƙofarsa na kallon filin ajiye motoci, ta yadda baƙo zai tsaya a bakin ɗakin da ya kama, ya kwana, ya yi sammako ya kama hanya ba tare da ya ratsa wani zaure ba. A Amurka irin wannan masauki ya samo asali, kuma tarihinsa a ɗaure yake da tarihin mota da na titi. Sai dai abin da ya fi cancantar nazari a cikinsa shi ne yadda kowane zamani ya yanke hukunci a kan wanda za a ba wurin kwana idan dare ya riske shi a hanya, da kuma kuɗin da zai biya.

Kafin mota ta yawaita, jirgin ƙasa ne abin hawan mai doguwar tafiya, shi ya sa otal-otal suka taru a tsakiyar birane kusa da tashoshi. Da kamfanin Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, wadda farashinta ya riƙa sauka har ma'aikaci da manomi suka iya saye, sai aka sami sabon irin matafiyi, wanda yake isowa gari da ƙura a jika, da iyali da kaya, ba shi da kuɗin otal kuma ba ya son shiga cikin masu ado da wannan kama. Irin waɗannan mutane tanti suke kafawa a gefen hanya ko a bakin gonar wani. Da abin ya yi yawa, hukumomin garuruwa suka keɓe filaye na kyauta masu ruwa da makewayi da wurin girki, waɗanda aikinsu ya yi kama da na zango ga fatake, da fatan baƙin za su yi sayayya a shagunan garin. A cikin shekarun 1920 garuruwa da yawa suka sa kuɗin shiga, kuma babban dalilinsu shi ne su kori 'yan ci-rani da marasa aikin yi da suka mai da filayen mazauni. Wannan kuɗin shiga ne ya nuna wa manoma da masu gidajen mai cewa kwanan matafiyi sana'a ce, sai suka shiga gina ƙananan ɗakunan katako a bakin titi, kowanne da gado da katifa da murhu.

A watan Disamba na 1925 wani mai zanen gine-gine, Arthur Heineman, ya buɗe masauki a garin San Luis Obispo na jihar Kalifoniya, kusan rabin tafiya tsakanin Los Anjelas da San Faransisko, ya sa masa suna Milestone Mo-Tel, kuma daga nan sunan ya bazu. Kuɗin kwana a wurin dala 1.25 ne, baƙo kuma yana samun ɗaki mai bayan gida da wurin wanka a ciki, abin da ba a saba gani a bakin hanya ba a lokacin. A shekarar da ta biyo baya aka kafa hanyar nan mai lamba 66, wadda ta taso daga Shikago zuwa Los Anjelas, tafiyar kusan kilomita 3,900, ta zama jijiyar wannan sana'a. Yawancin masaukan na miji da mata ne, su ne masu karɓar kuɗi, su ne masu wanke zanin gado. Ba kowa ne ya yi maraba da su ba, domin a 1940 shugaban hukumar bincike ta FBI, J. Edgar Hoover, ya wallafa maƙala yana zarginsu da zama maɓoyar masu laifi da matattarar baɗala, zargin da ya daɗe yana bin masauki mai araha.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka sauya sana'ar. Na farko shi ne tafiyar da wani ɗan kasuwa na birnin Memphis, Kemmons Wilson, ya yi da matarsa da 'ya'yansa 5 zuwa Washington a 1951, inda ya sha fama da ɗakuna marasa tsafta da kuma ƙarin kuɗi a kan kowane yaro. A 1952 ya buɗe Holiday Inn na farko mai ɗakuna 120, yara suna kwana kyauta tare da iyayensu, sannan ya riƙa sayar wa wasu izinin amfani da sunan bisa sharaɗin su bi ƙa'idojinsa, domin matafiyi ya san abin da zai tarar tun kafin ya isa. Na biyu shi ne dokar 1956 da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, wadda ta ba da damar shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohi, masu tsawon mil 41,000. Waɗannan tituna sun kewaye ƙananan garuruwa, suka janye motoci daga tsofaffin hanyoyi, masaukan iyalai da dama suka wayi gari ba baƙo.

Da manyan kamfanoni suka ƙara wa ɗakunansu wurin ninkaya da gidan abinci, farashi ya hau, sai aka sake samun giɓi a ƙasa. Magina biyu, William Becker da Paul Greene, suka buɗe Motel 6 a Santa Barbara a 1962, lambar da ke cikin sunan kuwa kuɗin kwana ce, wato dala 6. Sun cim ma wannan araha ne ta hanyar cire duk abin da ba dole ba: babu gidan abinci, babu tarho a ɗaki, talabijin kuwa marar launi ce, ba ta kamawa sai an jefa mata tsabar kuɗi. A 1974 Super 8 ya biyo sahu daga garin Aberdeen na jihar Dakota ta Kudu, a kan dala 8.88.

Duk wannan sauƙi bai isa ga baƙaƙen fatar Amurka ba, domin tsawon shekaru masu yawa mai masauki yana da ikon rufe ƙofa a fuskarsu ko da suna riƙe da kuɗi, akwai ma garuruwan da baƙar fata ba ya kuskura rana ta faɗi yana cikinsu. Iyalai sukan tashi da guzurin abinci da bargo da galan na mai, sukan kuma kwana a cikin mota. Saboda haka ne wani ma'aikacin gidan waya, Victor Hugo Green, ya fara wallafa jagorar da aka sani da Green Book a 1936, wadda take lissafa masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da suke karɓar baƙar fata, aka ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 1960. Dokar Haƙƙin Ɗan Ƙasa ta 1964 ce ta haramta wariya a wuraren kwana, kuma mai wani masauki a jihar Jojiya, Heart of Atlanta Motel, mai ɗakuna 216, shi ne ya ƙalubalance ta a kotu. A Disamba na wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da murya ɗaya cewa tun da yawancin baƙin masaukin daga wasu jihohi suke zuwa, Majalisar Dokoki tana da hurumin tilasta masa karɓar kowa. Masaukan baƙaƙen fata kuwa sun zama wuraren taron 'yan gwagwarmaya, kuma a barandar ɗaya daga cikinsu, Lorraine Motel da ke Memphis, aka harbe jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, a ranar 4 ga Afrilu, 1968. Tun 1991 ginin ya zama gidan tarihi.

Waɗanda suka ceto tsofaffin masaukan iyalai daga rushewa kuwa baƙi ne 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya, da yawansu masu sunan dangi Patel. Kaɗan daga cikinsu sun fara da ƙananan otal-otal a Kalifoniya tun shekarun 1940, amma dokar shige da fice ta 1965, da korar 'yan asalin Asiya da Idi Amin ya yi daga Yuganda a 1972, su ne suka yawaita su, a daidai lokacin da tsadar mai ta 1973 ta sa masu masaukai suna neman wanda zai saya. Dabararsu ita ce iyali su tare a ɗakin da ke bayan kanta, su yi shara da wanki da gyara da kansu, su kuma ara wa juna jari bisa amana. Da bankuna da kamfanonin inshora suka riƙa nuna musu bambanci, sai suka kafa ƙungiyarsu ta AAHOA a 1989, wadda a yau 'ya'yanta suke riƙe da fiye da rabin otal-otal na ƙasar.

A zamanin nan masauki mai araha ya ɗauki wani nauyi da maginansa ba su yi tsammani ba, domin iyalan da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, ko waɗanda aka fitar daga gida, suna zama a cikinsa suna biya mako-mako, sau da yawa a kan kuɗin da ya fi haya tsada idan aka tara. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Kalifoniya ta kama dubban irin waɗannan ɗakuna domin marasa matsuguni, daga baya ta shiga sayen wasu gine-ginen tana mai da su gidaje na dindindin. Wannan ya nuna cewa sana'ar da aka kafa domin kwana ɗaya ta zama mafakar waɗanda tsarin gidaje ya gaza ɗauka, kuma gyaran wannan hali yana wuyan hukumomin da ke da alhakin samar wa talaka muhalli, ba masu masaukai kaɗai ba.