Yadda Ƙuri'a Ta Shiga Karkarar Arewacin Kano

Wanda ya fita Kano ya bi hanyar Katsina ko ta Daura, zai ga ƙasa ce wadda kusan babu daji a cikinta. Gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, daga Ungogo har Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta. Inda mutane suka yi yawa haka, masu neman ƙuri'a ba su raina wurin. Amma in ana so a gane inda mutanen nan suka karkata a siyasa, sai a fara duba wanda ke riƙe da su a kowane zamani.

Jam'iyyar NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, an kafa ta a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. A 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta shiga siyasa sosai. Zaɓen farko da aka yi a wannan shekara hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su taru a ƙauye su fid da wakilai, waɗannan su je gunduma su fid da wasu, har a kai Lardi. A hawan ƙarshe kuwa En'e tana da ikon ƙara nata mutanen. Saboda haka, ko da yake NEPU ta taɓuka a hawan farko cikin birni, da aka kai ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba.

To, a dubi halin manomi a lokacin. Dagaci ne ke yanka masa haraji, shi ne kuma shaida in rigimar gona ta taso. Alkali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne. Ko lacca za a yi a bakin kasuwa, sai an nemi izni, kuma ba kowa ake ba ba. Hakimai da yawa su ne ginshiƙan NPC a ƙasarsu. Sarkin Bai Muhtari Adnan, Hakimin Dambatta, har wakilci ya yi a Majalisar Tarayya ta Ikko da sunan wannan jam'iyya. Mutumin da ya ce shi ɗan Sawaba ne a ƙauye, ya san abin da ya saya. Duk da haka an samu, musamman cikin fatake da maɗinka da 'yan koli, masu zuwa birni su jiwo magana su kawo gida.

Ran 12 ga Disamba, 1959, aka yi babban zaɓen da ya kai ƙasar nan ga mulkin kai. A wannan karon mutum shi kaɗai ke shiga ɗaki ya jefa takardarsa a akwatin da ya so, ko mai fartanya na NPC, ko mai tauraro na NEPU. Maza kaɗai suka yi, ba a ba matan Arewa dama ba. Cikin mutum goma da suka rubuta suna a Jihar Arewa, wajen tara sun fito. NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8. Wannan fitowa abin mamaki ce, amma a ganina ba duka ba ne don ƙauna. Kaka ce, an gama aikin gona, kuma mai unguwa ya san wanda ya fito da wanda ya ƙi. Ga shi kuma da wuya manomi ya gaskata cewa abin da ya yi a ɓoye ba zai kai kunnen dagaci ba.

Da soja suka karɓi mulki a 1966, sai aka raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidan yari. A 1976 aka gyara ƙananan hukumomi, aka kuma ba mata ƙuri'a. Da zaɓen 1979 ya zo, Jihar Kano, birni da ƙauye, ta juya ga PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi. Malam ya sami wajen kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un jihar a zaɓen shugaban ƙasa, Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya zama Gwamna, ya soke haraji da jangali. Yawancin masu jefa ƙuri'ar nan su ne dai manoman 1959 da matansu da 'ya'yansu. Bayan jam'iyyar ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, Rimi ya sauka a 1983, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa 'yan watannin da suka rage.

Daga wannan ƙasa ta Dawakin Tofa kuma Abdullahi Umar Ganduje ya fito, wanda ya yi Gwamna daga 2015 zuwa 2023. Sai dai fitowar jama'a ta ja baya ƙwarai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum kusan miliyan shida ne suka rubuta suna a Jihar Kano, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan biyu ba.