Taron dangi

taron dangi (suna, namiji) 1. Mutane da yawa su haɗu su far wa mutum ɗaya: Samarin unguwa sun yi wa ɓarawon taron dangi. 2. A bakin 'yan jarida, haɗin gwiwar sojojin ƙasashe a kan abokin gaba guda. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, NATO ta yi aiki da Sashe na 5 na yarjejeniyarta a karon farko, wato wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Sojojin taron dangi sun yi shekara 20 a Afganistan, suna tattara komatsansu a 2021 Taliban ta karɓe mulki. An kafa irin wannan taron dangi a kan ƙungiyar ISIS a Iraƙi da Siriya a 2014. Kalmar na ɗauke da ɗan zargin cin zali.