Daga Akwatin ZOY Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Shirye-shiryen Fodkas A Gana Da Nijeriya

A ranar 31 ga Yuli, 1935, Gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta yau, Sa Arnold Hodson, ya buɗe wata 'yar tashar rediyo a birnin Akra, wanda tsofaffin fataken mu ke kira Ankara. Sunan tashar ZOY. Ba rediyo ba ce irin wadda mu ka sani. Waya ake jawowa daga tashar har cikin ɗakin mutum, a liƙa masa akwati a bango, ya riƙa biyan kuɗin haya. Gidaje wajen 300 ne su ka fara samu. A cikin shekarun nan ne aka kafa irin ta a Legas, ta isa Ibadan a 1939, ta iso Kano a 1944, inda har aka kakkafa lasifika a bainar jama'a, irin su ƙofar gidan Sarki da laburare da gidan waya, don wanda bai da halin haya ya tsaya ya ji.

Abin lura game da wannan akwati shi ne ba a murɗa shi a canza tasha. Iyaka ka ƙara murya, ka rage, ko ka kashe. Abin da Landan ta ga dama shi za ka ji, a lokacin da ta ga dama. In mai karatu ya riƙe wannan a ran sa, zai fi gane abin da ya sa matasan Legas da Akra ke rawar jiki a kan abin nan da ake kira fodkas, wato shirin magana da mutum zai ɗauka da kan sa, ya ɗora a intanet, kowa ya sauke ya saurara sa'ad da ya so.

Shekaru kusan sittin makirfo na hannun hukuma. An yi NBS a 1951, ta zama NBC a 1957, shekarar da Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC a ranar 13 ga Maris da shiri na minti 15. Gwamnatin Sardauna ta kafa Rediyo Kaduna a 1962. A Gana kuwa, Hausa na cikin harsunan gida da gidan rediyon ƙasar ya riƙa watsa labarai da su, saboda mutanen zango da kuma sojoji da 'yan sanda da ke jin ta. Ba za a raina wannan zamani ba. Shi ya ba mu 'Zaɓi Son Ka' da 'Jakar Magori' da 'Samanja Mazan Fama' na Usman Baba Pategi. Sai dai fa in shiri ya wuce ka, to ya wuce ke nan. Sannan in ba ka da hanya a gidan rediyo, muryar ka iyakar ta zauren gidan ku.

A gani na, kakan fodkas na gaskiya a ƙasar Hausa shi ne kaset, ba rediyo ba. Tun daga shekarun 1970, da rikoda ta yi araha, Bahaushe ya gano zai iya ɗaukar magana ya ajiye. Tafsirin malamai, waƙoƙin su Shata da Ɗanƙwairo, jawaban 'yan siyasa, duk a kaset su ka zaga ƙasa, daga hannu zuwa hannu, ba lasin, ba mai tacewa. Har wasiƙa an yi da shi: tsohuwa ta zauna gaban rikoda ta zayyana wa ɗan ta da ke Makka ko Sudan labarin gida kakaf, wa ya haihu, wa ya rasu, a ba alhaji ya kai. Direban tasi ya sa kaset ɗin wa'azi, in fasinja ya yi magana ya dakatar, ya maido baya ya ci gaba. To, me ya raba wannan da abin da yaran yanzu ke yi da waya? Da kaset ya mutu sai faifan sidi da memori su ka gaje shi, masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa su ka zama su ne gidan rediyon talaka.

Ƙofar tashoshi masu zaman kan su ta buɗe ne da ƙyar. A Nijeriya dokar soja ta 1992 ta ba da dama, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta zo Kano a 2003. A Gana sai da aka yi rigima: Charles Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye a 1994 ba tare da izini ba, jami'an tsaro su ka rufe ta, kafin Joy FM ta samu lasin ta fara a 1995. Amma ko a nan, makirfon ya tashi ne daga hannun gwamna ya koma hannun attajiri.

Shi kan sa sunan fodkas, wani ɗan jarida Ben Hammersley ne ya fara rubuta shi a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, inda ya haɗa sunan na'urar iPod da kalmar Turanci ta watsa shirye-shirye. Kamfanin Apple ya sa shi a manhajar iTunes a 2005, sannan shirin 'Serial' na Amurka, mai bin diddigin wata shari'ar kisan kai, ya fito da shi duniya a 2014. Mu nan sai da mu ka jira. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma wa zai sauke hirar awa guda a zamanin da ake bin layi a shagon intanet don duba saƙo ɗaya? Sai da waya mai shafawa ta wadatu, data ta ɗan sauko, sannan abin ya kama.

In ana neman ranar da Nijeriya ta farga da wannan sana'a, da yawa za su nuna 2017. Akwai shirin 'Loose Talk' na kafar Pulse, wanda Osagie Alonge da Ayomide Tayo da Steve Dede ke yi a kan waƙa da mawaƙa. Ayomide ya yi rubutu ya soki mawaƙin nan M.I Abaga, ɗan Jos. Maimakon M.I ya yi fushi daga nesa, sai ya tako har ɗakin ɗaukar shirin, aka yi ta kai ruwa rana kusan awa uku, murya na tashi, ba mai cewa lokaci ya ƙure, ba talla da za ta katse. Babu gidan rediyon da zai ba ka awa uku ka yi musu da mai sukar ka. Duk marubuci ko ɗan fim da ya taɓa jin zafin sharhin da aka yi wa aikin sa ya kamata ya nemi wannan hira ya ji, domin a ciki akwai tambayar da mu ma ba mu warware ba a Kano da Kaduna: shin mai sharhi abokin sana'a ne ko maƙiyi?

A wannan shekarar ce kuma Feyikemi Abudu da Jola Ayeye su ka fara 'I Said What I Said'. Mata biyu ne 'yan Legas su na hira irin ta ƙawaye, kan kuɗi, aure, aiki, dangi, su na karanta wasiƙun masu sauraro da ke neman shawara. Wani abin da su ke faɗa zai yi wa kunnen Bahaushe nauyi, gaskiya. Amma sun kai matsayin da su ke cika zaure da 'yan kallo masu sayen tikiti, har a Landan. Joey Akan kuwa, a 'Afrobeats Intelligence', zama ya ke yi da mawaƙi ya tambaye shi yadda aka yi aikin da kuma yadda kuɗin ke tafiya, ba wace mota ya saya ba.

A Gana, abin ya fi tafiya a ƙungiyance. Kamfanin Gold Coast Report, wanda aka kafa a 2017, ya tara shirye-shirye da dama a inuwa guda, ana raba kayan aiki da ɗakin ɗauka. Wanda ya fi fice a cikin su shi ne 'Sincerely Accra' na Joseph Nti, da Kwame Asante a matsayin furodusa. Dabarar su ita ce fita titi da makirfo a ji bakin mutanen gari kan kuɗin haya, cunkoson motoci, soyayya da tsadar rayuwa, sannan a dawo a yi ta barkwanci a kai. Wanda ya saba da 'In Da Ranka' zai ji ƙamshin abin, sai dai wannan ya fi shi wasa nesa ba kusa ba.

Spotify ya shigo ƙasashen biyu a Fabrairun 2021. A 2022 ya ware dala 100,000 ga shirye-shirye 13 na Afrika, ciki har da 'Sincerely Accra' da 'I Said What I Said' da 'Tea With Tay'. Ko ɗaya babu na Hausa.

Ba duka ne abin yabo ba. Da kuɗin talla ya shigo, sai aka koma sa kyamara, ana yanko inda baƙo ya yi ɓaram-ɓarama a watsa a TikTok. 'The Honest Bunch' ya yi suna ta wannan hanya, kuma cece-ku-cen da ya biyo bayan wata hira ne ya kai Nedu ga barin shirin a Fabrairun 2025. Irin wannan ba ya buƙatar dogon bayani, mun san shi a gida.

To, ina Hausa? Akwai motsi. Jaridar Aminiya ta fito da 'Najeriya A Yau' da 'Daga Laraba'. Kafar HumAngle, wadda Ahmad Salkida ya kafa a 2020, ta yi 'Vestiges of Violence' da takwaran sa na Hausa, 'Birbishin Rikici', inda ake ba da labarin waɗanda rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya ɗaiɗaita, mutum ɗaya a kowane shiri, cikin 'yan mintuna. A duk abin da na lissafa, wannan ne na fi so mai karatu ya fara nema. A fagen fim kuma Hadiza Gabon ta buɗe zauren hira a YouTube, ta na zaunar da abokan sana'ar ta su faɗi tarihin su da bakin su.

Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake ɗaukar sa muhimmanci. Ibro ya rasu a 2014, Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Daso a 2024. Mutum nawa ne su ka zauna da su awa uku, kamar yadda aka zauna da M.I, su ka tambaye su yadda aka faro, wa ya koya masu, nawa aka fara biyan su? Haka marubutan da su ka kafa Raina Kama a Kano, da masu shagunan kaset na Bata da Ƙofar Wambai da su ka ɗauki nauyin finafinan farko. Dogaro da manyan tashoshi su yi mana wannan aiki ma ba tabbas: Sashen Hausa na Muryar Amurka, da ya fara tun 1979, tsit aka ji shi rana guda a Maris 2025, bayan wani umarni da Shugaba Trump ya sa wa hannu.

Matsalar mai fodkas na Hausa ba rashin masu sauraro ba ce. Matsalar ita ce ba a ganin su. Bahaushe zai sauke shiri sau ɗaya, ya tura wa mutum hamsin a WhatsApp, mai turi a kasuwa ya zuba wa wasu ɗari a memori. Duk waɗannan kunnuwa, a lissafin Spotify da YouTube mutum ɗaya ne, kuma da wannan lissafin ne mai ba da talla ke yanke shawarar wanda zai ba kuɗin sa.