Littafin Fas da Gafakar Kakanninmu

Jama'a, kun san littafin da ake ɗauka shi ne na farko da aka buga da inji a Afirka? Sharhin addu'o'in Yahudawa ne, da Ibrananci, a birnin Fas na Maroko, shekarar 1516. Samuel Nedivot da ɗansa suka buga shi, bayan sun baro Fotugal. Yau irin waɗannan littattafai sun yi tsada sosai: a 2015 an sayar da Talmud bugun Bomberg dala miliyan 9.3.

Ni abin da ke ci mini rai, na shiga zaurukan malamai a Ƙaraye da Rogo, na ga rubutun hannun kakanni cikin gafaka, gara tana ci. Mu masu wayoyi, ko hotonsu ba mu ɗauka ba.